Kwanon Ishaya, Tukunyar Gidana

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Ishaya makwancinsa a Tsibiri, ana tsakiyar ɗaurin hatsi. Tsofaffin abokan aikinmu da suka rage, waɗanda yanzu sai a wajen suna ko jana'iza muke haɗuwa, su suka matsa mini in rubuta wani abu a kansa a kai jarida, wai ni ne babban amininsa. Na karɓa, amma tun farko na gaya musu abin da ke raina zan rubuta. Abin da ke raina kuwa shi ne ina kishin mutumin nan. Na yi kishinsa yana raye, ya mutu ban daina ba. Wanda ya gama karanta wannan shafi ya ga ba ni da dalili, ya zo unguwar Zariya ya tambayi gidan Lawali mai tebur, mu zauna mu yi magana.

Mun yi aiki tare a wani kamfanin matse man gyaɗa a nan Maraɗi, wanda ya daɗe da rufewa, yau awaki ke kiwo a harabarsa. Rana ɗaya aka ɗauke mu, inji ɗaya muke tsayawa a kai, albashinmu ɗaya ba bambancin ko dala. Ni haifaffen birni ne, ubana ɗan koli ne, bai bar mini ko taki ɗaya na gona ba. Ishaya kuwa Kirista ne daga cikin 'yan tsirarun nan na Tsibiri, kullum da safe ya tako kekensa ya shigo gari, da maraice ya koma. Yana da gonar gado, yana da rumbu a bayan gida. Kamar hakan bai ishe shi ba, sai ya je ya auro Saratu 'yar Jiratawa, wadda iyayenta ke noman garka a bakin gulbi, tumatir da tattasai da zogala ba sa yanke musu rani da damina. Hatsi na zuwa masa daga gida, kayan miya daga surukai. Ni ko gishiri sai na saya.

Matasan yanzu ba za su gane zamanin ba sai an yi musu bayani. Lokacin ne aka yi babban taron ƙasa a Yamai, aka ce kowa ya faɗi abin da ke bakinsa. Jam'iyyu suka tsiro a kowace unguwa, kowace da tutarta da makaɗanta. Magana ta yi arha, abinci ya yi tsada. Ma'aikatan gwamnati na share watanni ba a biya su ba, 'yan lakwal sun fi zama a titi da cikin aji, yajin aiki ya zama abin da ake tashi da shi kowane mako. Mu namu albashin yana zuwa, sai dai ya tsaya inda yake tun muna samari, hatsi kuwa bai tsaya jiransa ba. Sai sandikarmu, wato ƙungiyar ma'aikata, ta ce mun daina zuwa wajen darakta muna cewa a ƙara mana haka kawai. Za mu zauna mu auna abin da ma'aikaci ke bukata don ya rayu a Maraɗi shi da iyalinsa ba tare da ya roƙi kowa ba, mu kai musu su gani. Aka kafa komite, aka sa ni ciki, aka sa Ishaya.

Na zaci aikin yini ɗaya ne, ashe mun ɗauko wa kanmu jidali. Gardamar farko ita ce gida baki nawa ne. Takardun gwamnati sun san miji da mata da 'ya'ya. Ba su san gwaggonka da ta zo ganin likita ta share damina a gidanka ba, ba su san baƙon da ya sauka daidai lokacin da ake kwashe tuwo ba. Daga nan aka koma kan gudummawar biki da ta rasuwa, bukata ce ko son rai. Wani ya ce son rai ce, aka tambaye shi in ya daina kai wa mutane wa zai zo masa ranar tasa, ya janye maganarsa. Kan haya da itace da ruwa da sabulu da magani duk mun daidaita ba wahala, don waɗannan kowa na iya faɗinsu a gaban mutane. Inda muka cije shi ne abinci. Ka tambayi ɗan Maraɗi me ake ci a gidansa, zai ce maka alhamdu lillahi. Ka sake tambaya, ya ce sai godiya. Ka ƙara, ya ɓata rai ya tambaye ka ko an ce maka yana bara. Ni kaina da aka zo kaina haka na amsa.

Su kuma shugabannin kamfani maganarsu guda ce. Suka ce a Maraɗi kowa manomi ne, kowa na da rumbu a ƙauye, albashi kuɗin miya ne kawai. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, da yawa daga cikinmu haka suke. Amma akwai irina, waɗanda komai sai awo, tiya-tiya, kuma a wancan zamani abin kunya ne a ga mai albashi tsugune gaban mai hatsi da ɗan buhunsa a tsakiyar wata. Ni sai na tsallake kasuwar unguwarmu na je inda ba a san ni ba nake aunowa.

To, wanda ya fi kowa tsayawa a kan cewa a yi lissafin da mutumin da ba shi da gona, ba shi da dangi a ƙauye, shi ne Ishaya mai rumbu. In ya fara bayanin wannan mutum sai ka ga kawuna na kaɗawa, ana cewa lalle Ishaya ya san talaka. Ni ina gefe ina jin yana zana ni tun daga hula har takalmi, yana karɓar yabo. Ya iya magana, wannan ba zan hana masa ba. Murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa, irin ta wanda ya karya kumallo da kyau kafin ya fito.

Akwai wata al'ada da muke da ita a kamfanin. In an tashi da azahar sai mu taru a inuwar itacen bedi a bakin ƙofa, kowa da kwanon da aka aiko masa daga gida, a jera, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Ciyayya ke nan, irin wadda maza ke yi a ƙofar gida, mu muka ɗauko ta muka kai wajen aiki. Ba mai cewa kwanon wane ya fi na wane, amma kowa na da ido. Kwanona bai taɓa ba ni kunya ba. Matata Rakiya tana da hannu, kullum miyarta da maiƙo a sama, wani lokaci har da ɗan busasshen kifi. Na Ishaya kuwa tun safe yake ɗauro shi a bayan keke, tuwon hatsi da miyar kuka ko ta zogala, ba wani ado. Nakan ji daɗi a raina in na ga an cinye nawa tas nasa yana nan da saura. A nan kaɗai nake gabansa, kuma ina riƙe da wannan da kyau.

Da magana ta ƙi ci tsakaninmu da kamfani muka shiga yajin aiki. Ba ma shiga ciki, amma kullum muna zuwa mu zauna a bakin ƙofa, ciyayya ba ta fasa ba. Sai ma'aikatar ƙwadago ta turo wata jami'a daga Yamai ta zo ta duba maganar wa ta fi kusa da gaskiya, tamu ko ta kamfani. Madam muke ce mata, doguwa ce mai tabarau, Hausarta da ɗan harshen Zabarmanci. Shugaban sandikarmu, mutumin kirki amma mai saurin dabara, ya ce hanya ta samu. Tunda ba mai faɗin abin da yake ci, a bar ta ta gani da idonta, a gayyace ta ciyayya. Ya tara mu da hantsi ya ce gobe akwai baƙuwa daga Yamai, kowa ya kawo abin da ya saba ci, kada a ƙara komai. Muka ce to. Kowa ya koma gida ya gaya wa matarsa gobe baƙuwa daga Yamai za ta ga kwanonsa. Ni har na ƙara wa Rakiya da cewa kada a ba ni kunya, kuma na tabbata ba ni kaɗai na faɗi haka ba.

Ko a Sallah ban taɓa ganin ciyayya irin ta ranar ba. Aka fara buɗe kwanoni, ƙamshi ya tashi har masu gadi suka matso. Shinkafa da miyar kaji, dambu yana nason mai, makaroni, zabi, wani har da soyayyen naman rago. Mutanen da suka ajiye aiki suna cewa albashi ba ya ciyar da su ke nan. Kowa na buɗe nasa yana satar kallon na wani, da farko cikin alfahari, daga baya cikin tsoro, don a hankali muka fara gane abin da muka yi wa kanmu. Nawa shinkafa ce da kaza guda sukutum. Wakilin kamfani da ya rako Madam yana tsaye yana murmushi kamar an yi masa albishir. Madam ta ci, ta wanke hannu, ta ce, "To, in haka kuke ci kullum, ni ma ku nemo mini aiki a nan." Ba wanda ya yi dariya. Shugaban sandika ya sunkuyar da kai yana juya murfin kwano a hannunsa.

Sai Ishaya ya gyara zama. Shi kaɗai ya zo da abin da ya saba, tuwonsa da miyar kuka. Ya ce, "Madam, kwanon waje kika gani, shi kuwa don idon mutane aka yi shi. Abin da kika zo aunawa yana cikin tukunya. Mu maza ba mu shiga, amma ke mace ce, kina iya shiga. Gidana ba shi yi miki amfani, ina da rumbu. Ga Lawali nan, gidanshi na Zariya, ba nisa."

Duk idanu suka juyo kaina. In na ce a'a, na kashe yajin aikin da mutane suka sadaukar da albashinsu dominsa. In na ce to, na buɗe gidana ga baƙuwa, wakilin kamfani na biye. A gaskiya a lokacin ban ma san abin da za ta gani ba. Abin da na sani shi ne ba a yi wa magidanci haka a gaban jama'a, balle a ce amininsa ne ya yi masa. Na dubi Ishaya, ya dube ni bai ko ƙifta ba. Na miƙe na ce, "Mu tahi."

Da muka isa, Madam ta ce mu maza mu tsaya waje. Wakilin kamfani ya zauna cikin mota, ni da Ishaya muka tsaya a ƙofar gidan hayar da nake ciki, maƙwabta na leƙe don ba a saba ganin motar gwamnati a lungunmu ba. Na ce masa a hankali, "Mi na yi maka?" Ya ce, "Ba ka yi mini komi ba, Lawali." Iyakar abin da ya ce ke nan. Madam ta daɗe a ciki. Da ta fito ta cire tabarau tana gogewa da gefen gyalenta, ta gaishe ni har da rusunawa, irin gaisuwar da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan sun tafi na shiga. 'Ya'yana na zagaye da ƙwarya, ƙanzo ne aka jiƙa aka barbaɗa gishiri da ɗan yaji. Tukunyar da aka dafa kazar an wanke ta an kife. A ɗakin Rakiya, bangon da kwanonin jerenta na aure suke ya zama giɓi-giɓi, ta yi ta cirewa tana sayarwa. Ni da ke shiga ɗakin kullum na ɗauka gyaran ɗaki take. Ranar na ji cewa ba ranar kaɗai ba ce. Maiƙon nan da nake alfahari da shi a inuwar bedi shi ne duk man da ke cikin miyar gidan. Takan kwashe saman ta zuba mini, ta ƙara ruwa a sauran ta ba yara, ita kuma ta ci abin da suka rage in sun rage. Gidan mutumin da ke yini yana matse mai ke nan.

Kada wani ya ce sakaci na yi. Haka ubana ya ci, haka uban kowa ya ci. Namiji ya ba da na cefane, ya ga kwano, tukunya ba huruminsa ba ce. Da Madam ta shiga gidan kowane ɗaya daga cikin marasa gonar nan, abin da za ta tarar ke nan ko wanda ya fi shi muni. Amma nawa aka shiga.

Rahoton Madam ya yi aiki. Ta goyi bayan a yi lissafi da mai awo, a kuma duba abin da yara ke ci maimakon abin da maigida ke fita da shi. Aka yi mana ƙarin kuɗin abinci, ba shi da yawa, amma ya sa miyar gidana ta daina shan ruwa. A takarda ƙarin yana da wani dogon suna na Faransanci. A bakin mutane kuwa, tun watan farko, sunansa kwanon Ishaya. Sai ka ji mutum na cewa bari kwanon Ishaya ya fito in sai wa yara takalmi. Ma'aikatan wasu wurare suka ji labari, suka riƙa zuwa Tsibiri neman shawara. Aka zaɓi Ishaya delege, wato wakilin ma'aikata, ya je Yamai, muka ji muryarsa a rediyo. 'Yan jam'iyyu suka riƙa zuwa da motoci suna so ya tsaya musu takara, ya ƙi, ƙin ma ya zama abin yabo.

Ni kuma abin da na samu shi ne sannu. A masallaci sai a riƙe hannuna a ce sannu Lawali, ya iyali, da wata irin murya mai taushi da ban saba ji ba. Matan unguwa suka fara aiko wa Rakiya tuwo a rufe da faifai. Mai hatsi ya riƙa yi mini gyara ban roƙa ba, yana yi yana kallon wani wuri. Da aka koma aiki, in na buɗe kwanona a ciyayya sai in ga hannuwa na kauce masa, kowa na tunanin daga bakin yara aka cire shi. Na daina zama, nakan ci nawa ni kaɗai a bayan inji. Yunwar ta gidana ce, kunyar ni na sha ta, sunan kuwa ya hau keke ya tafi Tsibiri.

Ba mu yi faɗa ba. Muna gaisawa, na je bikin 'yarsa, ya zo sunan autana. Kowace kaka yakan ɗauro damin hatsi ya ajiye a ƙofata, in karɓa saboda yara, in yi godiya daidai gwargwado. Amma hannuna bai sake shiga kwano ɗaya da nasa ba. Na kuma yanke a raina cewa Saratu ce ta kai masa labarin gidana, don takan biyo ta wajen Rakiya in ta taso daga Jiratawa za ta Tsibiri, ta sauke mata ɗan ganye su yi hira. Na ce ta kwashi sirrin gidana ta kai wa mijinta, shi kuma ya taka shi ya yi suna. Sau ɗaya na faɗa masa haka a fuska, muna tura kekensa da ya yi faci. Ya ce, "In haka ka gani, haka ne." Ko gardamar da zan huce da ita bai ba ni ba.

Ƙarin bai yi tsawon rai ba. Aka wayi gari an karya darajar kuɗinmu na sefa, kaya suka tashi, kwanon Ishaya ya koma bai fi na sabulu ba. Siyasa ta rikice, sojoji suka dawo, kamfani ya yi ta tangal-tangal har ya rufe. Shi Ishaya ya koma gonarsa kamar wanda ya dawo daga unguwa. Ni na kafa tebur a bakin tasha ina sayar da sabulu da ashana da batir, har yau a nan nake. Ciwon da ya ɗauke shi bai yi masa tsawo ba, ko a nan an yi masa sauƙi. Ranar jana'izarsa majami'ar Tsibiri ta cika, mu Musulmi muka tsaya a waje, kuma mun fi na ciki yawa. Akwai matan da ban taɓa gani ba, sun zo daga unguwannin Maraɗi a ƙasa, suna cewa shi ne mutumin da ya sa aka leƙa tukunya. Ina tsaye a rana ina kuka, kuma da gaske nake kukan. A lokaci guda ina duba taron ina tambayar kaina ko rabin wannan zai zo tawa.

Yau in na zauna a teburina nakan yi tunanin me zai ce da ya ga Maraɗin nan. Ciyayyar wajen aiki ta mutu, matasa na sayen abinci a leda, kowa ya juya baya ya ci nasa. Awo ya daina zama abin kunya tunda kowa shi yake yi, har da jikokin masu rumbu, gonakin bakin hanya an yanka su filaye ana gini. Yawancin samarin da ke wucewa ta gabana a kan kabu-kabu ba su da ma albashin da za a zauna a auna, abin da rana ta kawo shi ne na dare. Ba na jin zai yi mamaki. Zai tsaya ya riƙe kekensa ya tambayi wani yaya gida, in an ce masa lafiya lau ya sake tambaya.

Kwanan baya wasu matasa suka zo lungunmu da waya a hannu, suna tambayar abin da gida ke bukata a wata. Suka yi sallama, na fito, suka tambaye ni a matsayina na maigida. Na ce alhamdu lillahi. Suka danna wayarsu suka yi gaba. Har sun sha kwana na tuna cewa da Ishaya ne da ya ce su nemo mace a cikinsu ta shiga ciki. Na ji haushi ƙwarai, don ko a cikin kaina shi ke da maganar da ta dace.

In aka ce in auna abin da ya rage nasa, kuɗin sun narke, kamfanin ya rushe, rahoton Madam wa ya san inda yake. Abu ɗaya na ga ya tsaya. A gidana tun daga shekarar nan yara ake fara zuba wa kafin maigida. 'Ya'yana mata sun tafi da wannan gidajen aurensu, kuma na san gidajen abokan aikinmu da dama da abin ya shiga haka ba tare da an yi shela ba. Ban so in rubuta wannan ba, amma gaskiya ce, kuma tasa ce.

A nan na yi niyyar tsayawa. Jiya da la'asar ina zaune a tsakar gida da wannan rubutu, Rakiya na gefe tana tsinkar zogala a tire. Na ce mata na sa maganar Saratu a ciki, yadda ta kwashi labarin gidanmu ta kai wa mijinta, tunda ta tsufa yanzu ba za ta damu ba. Rakiya ta ajiye reshen da ke hannunta.

Ta ce, "Malam, kada ka kai ƙarya ga jarida. Saratu ba ta kwashi komi ba. Ni na aike ta."

Ta ce ranar da na dawo na ce kada a ba ni kunya, kafin la'asar duk matan ma'aikata sun fita neman kaza, ta san abin da zai faru gobe. Saratu ta biyo daga Jiratawa ta same ta tana cire sauran kwanoni daga bango. Sai Rakiya ta ce wa Saratu ta gaya wa mijinta ya kawo baƙuwar gidan nan, ba za ta ɓoye komai ba.

Na ce, "Mi ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Da ka yarda?"

Na bar wannan. Na ce, "Shi kuma mi ya hana shi hwaɗi, duk shekarun nan ina ɗaure mishi fuska?"

Ta ce, "Na aika mishi zan gaya maka in ɗauke mishi nauyin. Ya ce in bari. Ya ce gara ka ji haushinshi da ka ji nawa, tunda shi ba gida ɗaya kuke kwana ba."

To, ga shi nan. Matata ta shiga matsi, ga ni a ɗaki ɗaya da ita, ta tsallake ni ta aika Tsibiri, kuma wanda ta aika wa bai ba ta kunya ba har ya shiga kabari. Kishin da na zauna rubutawa na suna ne da na taron jana'iza. Wannan sabo ne, kuma ya fi wancan ciwo nesa ba kusa ba. Maganar Saratu na bar ta a sama yadda na rubuta, don haka na yi shekaru ina gani, amma ga gyaranta nan, ta yi haƙuri.

Yau da safe, kafin in fita tebur, na tsaya a bakin madafa na tambayi Rakiya. Na ce da ni ne a matsayinsa, tana ganin da na iya ɗaukar haushin amini shekara da shekaru in yi shiru saboda matarsa? Ta dube ni, ta ce bari ta duba wuta kada koko ya kama.